Harafin da Na Rubuta wa Jikana

Zuwa ga Malam Odell, mai filin Tambayi Tsohon Alƙali, mujallar Jan Zare.

Malam Odell, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin liyafar mujallarku saura mako uku, ni kuwa har yau ban san ko in sayi sabuwar riga ba ko in rubuto muku cewa ƙafata ta tashi. Ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan wasiƙa ba. Ni ake zuwa tambaya, ba ni ke tambaya ba. Shekarata saba'in da ɗaya, kuma shekara talatin da huɗu ke nan ina riƙe da littafin wasa na ƙungiyar besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda, ta kwalejin garinmu, a nan kudancin Mississippi. Na sauya sunayen mutane a wasiƙar nan, ko da yake na san aikin banza na yi, don duk wanda ya taɓa cin dafaffiyar gyaɗa a filinmu zai gane ni tun daga layi na biyu.

Marigayi mijina Harlan ne ya koya mini aikin, daga baya na fi shi, shi ma da bakinsa ya yarda. Masu horarwa biyar sun zo sun tafi, ina nan a kujerata a ɗakin da ke saman 'yan kallo. Wasan gida ɗaya tak na taɓa rasawa, ranar jana'izar Harlan, ko a ranar ma sai da na tambayi sakamako tun ba mu bar maƙabarta ba. Ba yabon kai ba ne, amma ka tambayi duk wakilin da kuka taɓa turowa, zai gaya maka littafina ba ya buƙatar gyara. Kai da ka yi alƙalancin wasa ka san inda nauyin aikin yake. Alƙali shi ke cewa ɗan wasa ya isa tasha, wato wurin da ake gudu a taka bayan an buga ƙwallo, ko an fitar da shi, amma dalilin da ya sa ya isa, wannan nawa ne. Idan mai bugu ne ya iya bugunsa, in rubuta H, wato ya samu bugu. Idan mai tsaro ne ya yi sake da ƙwallon da ya kamata ya kama, in rubuta E, in ɗora masa kuskuren. Sai in danna fitilar harafin a allon fili kowa ya gani, kuma ba mai ɗaukaka ƙara.

Ina da jika, bari in kira shi Emory, ɗan ɗana na fari. A ɗakin nan nawa na saman 'yan kallo ya tashi. Da tsofaffin littattafan wasana ya koyi karatu, tun kafin a sa shi makaranta ya san wa ya yi bugu uku a wasan da aka yi tun ba a haife shi ba. Tun yana shekara shida shi ke fiƙe mini fensir uku kafin kowane wasan gida, kuma bai daina ba ko da ya girma ya zama mai jifa na ɗaya a ƙungiyar. Zai hawo matakala da kayan wasa a jikinsa, ya dire fensiran a gabana, ya ce, "Tsohuwa, ga makamanki, a ji tsoron Allah." Ni kuma in ce, "Ɗan nema, sauka ka yi jifanka, ka bar manya da aikinsu." Da aka ɗauke shi a ƙungiyar na je wurin mai horarwa na ce duk ranar da Emory zai yi jifa a nemi wani ya riƙe littafin. Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Kaka, ke da ko limamin cocinku ba ki yi wa alfarma? Zauna abinki." Gaskiya maganar ta yi mini daɗi, kuma na zauna.

A watan Afrilun bana sunan kwalejinmu ya fito a jerinku na ƙungiyoyi ashirin da biyar da suka fi ƙarfi a ƙasa. Mu ne na ashirin da huɗu, kuma karon farko ke nan tun da aka kafa makarantar. Malam Odell, ka ga gari! Mai aski ya manna shafin a madubi, Fasto ya ambace shi kafin wa'azi, ni kuwa kwafi shida na saya, ban kuma ji kunyar kowa ba. Mu da ake yi wa dariya wai shanu ke yanke mana ciyawar fili, ga mu a shafi ɗaya da manyan makarantu.

Asabar ɗin makon muka karɓi baƙuncin masu lamba ta tara, irin waɗanda ke saukowa daga doguwar motarsu suna kallon filinmu a yatsine. Da ƙarfe biyu na rana aka fara, Emory ke jifa. Ban taɓa ganin hannunsa kamar ranar ba. Zagaye na ɗaya, na biyu, na biyar, layin bugunsu a littafina sifili ne reras. Daga zagaye na shida kowa ya gane abin da ke tafe, wato abin nan da ba a kiran sunansa, mai jifa ya kai wasa ƙarshe, zagaye tara cur, abokan karawa ba su samu bugu ko ɗaya ba. Ka san al'adar: ba mai ambata, don kada baki ya kama. Abokan wasansa suka watse daga benci suka bar shi shi kaɗai a can ƙarshe. Malam Purvis mai rediyo, wanda ke zaune a gefena shekara ashirin, ya kwashe zagaye uku yana ba masu sauraro labarin yadda matarsa ke soya tarwaɗa. Mutum dubu uku a fili, ba ka jin komai sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Ni ko kallon layin sifilin na daina yi, na rufe shi da hannun hagu ina rubutu da dama.

Zagaye na tara, mun ci biyu suna da babu, an fitar da mutum biyu, saura ɗaya. Mai bugunsu ya sheme ƙwallo a ƙasa da ƙarfi wajen tasha ta uku, inda Tavian yake tsaro. Tavian ɗan wani mai gyaran jiragen ruwa ne daga bakin teku, kuma duk kakar bana, wasa talatin da takwas, ban rubuta masa E ko ɗaya ba. Ya durƙusa daidai inda ya kamata. Ƙwallon ta zo ta daki gaɓar da ciyawa ta haɗu da jar ƙasa, ta yi tsalle sama, ta buge shi a kafaɗa, ta gangara gefe. Kafin ya ɗauko, mai bugu ya isa tasha ta farko.

Sai na ga fili gaba ɗaya ya juyo ya ɗaga kai yana kallon tagata. Kai ma ka san ɗaya al'adar, wadda ba a rubuta a littafin doka ba: idan mai jifa na cikin abin nan, bugun farko dole ya zama tsaf, wanda ba gardama. In da shakka ko kaɗan, mai littafi ya rubuta E ya bar yaro da rabonsa, balle a gida, balle a zagaye na tara. Malam Purvis ya rufe bakin makirufo da tafin hannu ya ce a hankali, "Kaka, ai kin ga ta taɓa shi." Na ce na gani. Na rubuta H, na danna fitila. Ƙarfin da na sa sai da bakin fensirin ya karye, harafin ya fito a karkace, abin da bai taɓa faruwa a littafina ba.

Ihun da aka yi mini ban taɓa jin irinsa ba, har da mutanen da na yi wa rainon 'ya'ya. Emory bai ɗago kai ba. Ya karɓi ƙwallo, ya yi jifa uku, ya fitar da na gaba, muka ci wasan. Ranar Litinin kuka ɗaga mu zuwa lamba ta goma sha bakwai.

Doka ta ba ni kwana ɗaya in sauya hukunci, kuma a kwana ɗayan nan ba wanda bai zo ba. Mai horarwa ya zo da hula a hannu, yana ta kewaye-kewaye wai ko zan so in sake kallon hoton bidiyo. Na kalla sau uku na ce masa ina nan kan bakana. Wanda ya fi karya mini zuciya Tavian ne. Ya same ni a bakin mota bayan coci ya ce, "Kaka, ki ɗora mini kawai. Kuskure ɗaya ba zai kashe ni ba, shi kuwa wa ya san ko zai sake samun irin wannan?" Na ce masa, "Ɗana, ba kai ka yi sake ba, ƙasa ce ta ci amanarka, ba kuwa zan rubuta maka laifin ƙasa ba." Ban san sa'adda na rungume shi ba. Wannan yaron duk wanda ya haife shi ya haifi ɗa.

Surukata Darlene, uwar Emory, ba ta yi kewaye ba. A gaban ɗana ta ce mini na fi son a ce da ni mai gaskiya a kan a ce da ni kaka. Shi ɗan nawa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, halin ubansa sak. Tun daga ranar kujerata a teburin cin abincin Lahadi a gidansu ta zama wurin ajiye kwanon dankali. Ba a ce kada in zo ba, ba a kuma ce in zo ba, ni kuwa ba na zuwa inda ba a kira ni ba.

Duk wannan da sauƙi. Ga abin da ke cin raina. Emory bai ɗaga mini murya ba, bai yi fushi a fili ba. Da yammacin Lahadin, saura kaɗan wa'adin ya cika, ya zo gida ya wuce kai tsaye inda nake jera tsofaffin littattafai. Ya zaro na shekarar casa'in da takwas, ya buɗe shafin da ya sani, ya ajiye a gabana. Abin da ya ce ke nan: "Wannan fa, Kaka?" Ya juya ya fita.

Na san shafin. A shekarar muna da wani mai jifa ɗan Alabama, ba dangin iya ba na baba, shi ma ya kai zagaye na takwas cikin abin nan. Ƙwallo ta yi irin wannan tsalle a irin wannan gaɓa, mutane suka juyo suka kalle ni, na rubuta E. Yaron ya kammala, aka ɗaga shi a kafaɗa, har yau hotonsa na rataye a zauren motsa jiki. Wato na bi al'ada don ɗan wani, na karya ta a kan jinina. Ban ba Emory amsa ba a ranar, kuma wata huɗu ke nan ban ba shi ba.

Sauran kai ka fi ni sani, tunda a mujallarku ya fito. A watan Yuni kuka ba Tavian kyautar Mai Tsaron Shekara, kuka rubuta cewa ya gama kakar wasa ba kuskure ko ɗaya. Na yi kuka don murna, ɗan ƙaramar makarantarmu a bangon mujalla. A kyautar Mai Jifan Shekara kuwa Emory ya zo na biyu da tazarar ƙuri'a uku, kuma a bayanin wanda ya ci, layin farko shi ne cewa a watan Maris ya yi abin nan. Darlene ta yanke shafin ta sa mini a akwatin wasiƙu, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin "ƙuri'a uku".

Sai kuma ga takardarku makon jiya, wai ni kuka zaɓa a kyautar da kuke ba wanda ya bauta wa wasan ba tare da ya taka fili ba. Kun ambaci shekara talatin da huɗu, amma ni ba yarinya ba ce, na san harafin nan ne ya sa kuka san da ni. An ba ni kujerun baƙi biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba, ina son kyautar nan. Na karanta takardar ta fi sau ashirin, na kai ta kabarin Harlan na karanta masa. Shekara talatin da huɗu ina rubuta sunayen mutane, ba wanda ya taɓa rubuta nawa.

To amma da wace fuska zan hau dandamali a tafa mini a kan abin da ya hana jikana hawa? Kuma ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Na rantse na ga tsallen ƙwallon da idona. Amma kafin in danna fitila, wani tunani ya gifta mini: in na sa E, za a ce tsohuwa ta yi wa jikanta alfarma. Ban san wanne ya motsa hannuna ba, idona ko sunana. Sauran wasannin kakar bana Emory ya ci gaba da gaishe ni cikin ladabi kamar wata malamar makarantarsu, "ina wuni, ranki ya daɗe", amma bai sake hawowa da fensir ba. Ni ke fiƙe abina, kuma ban iya yi kamar shi ba.

Kada ka ce in sauya harafin, lokaci ya wuce, ko bai wuce ba ma ba zan sauya ba. Ka gaya mini kawai: in karɓi kyautar ko in ƙi? In na ƙi, zai dawo mini da yaron? Ina alfahari da shi fiye da yadda zan iya rubutawa, jifa ɗari da goma sha biyu ya yi ranar, ina iya karanto maka su ɗaya bayan ɗaya ba tare da na duba ba.

Taka mai karanta filinka kullum,
Tsohuwa Mai Fensir, Mississippi.

*

Uwargida Mai Fensir,

Kin yi gaskiya, sauya sunayen bai ɓoye ki ba. Bari in fara da faɗin cewa ba na cikin masu jefa ƙuri'a a kyaututtukan mujallar nan, nawa shafin baya ne, don haka ba na kare kowa.

Na nemi hoton wasan na kalla sau huɗu, biyu daga ciki a hankali. Bugu ne. Tavian yana inda ya kamata, safar hannunsa tana ƙasa, kuma ba ɗan adam ɗin da zai kama ƙwallon da ta sauya hanya taku ɗaya a gabansa. Shekara ashirin da tara na yi a bayan mai kama ƙwallo ana zagin iyayena, na san yadda ihun mutum dubu uku yake a kunne, balle ihun maƙwabta. Abin da kika yi ba kowa zai iya ba, kuma na cire miki hula. Kada ki ba kowa haƙuri a kan harafin. Da kin sa E, da kin ɗauki abin ɗan wani kin ba naki, kuma da Emory, wanda ya koyi karatu a littafinki, shi zai fara gane haka duk ranar da ya buɗe shafin.

Batun ko idonki ne ko sunanki, ki sauke wannan kaya. Duk wanda ya taɓa yanke hukunci a gaban jama'a ya san zuciya ba ta zuwa da tunani ɗaya. Tunanin sunanki ya gifta, to, ya gifta, amma hoton ya nuna ido bai yi ƙarya ba. Ƙuri'a ukun nan ma kada ki bari jan biro ya hana ki sukuni. Mutum arba'in suka yi zaɓen, kowa da dalilinsa, ba mai iya rantsewa cewa harafi ɗaya a watan Afrilu ne ya karkatar da su.

Yanzu ki gyara zama, don ba duka zan ba ki gaskiya ba. Laifinki na farko ya girmi wasan. Ranar da kika ce a nemi wani ya riƙe littafi idan Emory na jifa, ranar kika yi daidai. Aka yabe ki, yabon ya yi miki daɗi, kika koma kujerar da duk harafin da kika rubuta a kanta sai an ce da wata manufa. Darlene ta faɗi magana mai ɗaci, kuma ba ta kyauta ba da akwatin wasiƙu, amma uwa ce da ta ga ɗanta saura mutum ɗaya. Ki yi mata uzuri. Kakar wasa mai zuwa, duk ranar da yaron ya hau tudun jifa, ki miƙa littafin ga wani, ki sauko cikin jama'a ki sayi gyaɗarki ki yi ihu kamar kowace kaka. Kin cancanci wannan ma.

Na biyu shi ne shafin casa'in da takwas. Ki lura, Emory bai ce ki sauya ba, bai ce kin zalunce shi ba. Tambaya ya yi, kuma tambaya ce ta wanda ya san aikin. Ke kika koya masa cewa littafi ba ya magana biyu, sai ga shi ya ga ya yi, kuma a kansa. Wata huɗu yana jiran amsa. Ni a ganina amsar ba ta da wuya, ɗaci kawai gare ta: wancan harafin ne ba daidai ba. A lokacin kina da shekara arba'in da 'yan kai, mutane suka juyo suka kalle ki, kika ji tsoro kika bi al'ada. Ba shi kika tsananta wa ba, wancan kika sassauta wa. In haka ne, ki faɗa masa haka da bakinki. Na san tsohuwar da littafinta ba ya buƙatar gyara ba za ta ji daɗin furta wannan ba, amma yaron da aka ce wa ya haƙura da hukunci yana da haƙƙin jin cewa mai hukuncin ma ta taɓa kuskure.

Na uku shi ne wanda ya sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taki. Na karanta ta tun daga sama har ƙasa, ko sau ɗaya ba ki kira abin da sunansa ba. "Abin nan" kike ta cewa. Baiwar Allah, wasan ya ƙare tun watan Afrilu. Dokar shiru ta zagaye na shida zuwa na tara ce, da an fitar da mutum na ƙarshe ake gudu a rungume mai jifa. Abokansa sun koma kusa da shi a benci, Malam Purvis ya bar zancen tarwaɗa, ke kaɗai ce har yanzu kike zaune nesa da shi da hannu a kan shafi. Kin gaya mini ba ki taɓa ganin hannunsa kamar ranar ba. Kin gaya wa Tavian magana mai daɗi, kin rungume shi. Kin je har kabari kin yi wa Harlan karatu. A wasiƙar nan ban ga inda kika gaya wa Emory ko kalma ɗaya a kan jifansa ba. Ina zargin ba H ɗin ce ta hana shi hawa matakala ba. Ya yi wasan rayuwarsa, mutumin da ya fi so ya burge tana sama tana kallo, kuma abin da ya samu daga gare ta fitila ce kawai.

Ga abin da za ki yi, kuma cikin makon nan, ba bayan liyafa ba. Kada ki bi ta wurin uwarsa ko ubansa, kada ki aika saƙon waya. Ki ɗauki littattafan biyu ki same shi inda yake. Ki fara da na casa'in da takwas ki amsa tambayarsa. Sannan ki buɗe na bana, ki nuna masa harafin nan da ya karkace, shi ya fi kowa sanin hannunki, zai gane abin da ya ci miki kafin ki rubuta shi. Daga nan ki rufe littafin, ki karanto masa jifa ɗari da goma sha biyun nan da ka, kamar yadda kika ce za ki karanto mini. Ni ba na buƙatarsu, shi yake buƙata. Ki gaya masa a fili cewa saura mutum ɗaya ya yi wasa ba bugu da masu lamba ta tara a ƙasa, kuma a shekara talatin da huɗu ba ki ga wanda ya yi jifa kamarsa a filin nan ba. Ki kira abin da sunansa, ba bakin da zai kama yanzu.

Kyauta kuwa ki karɓa. Ƙin karɓa ba zai ƙara masa ƙuri'a ko ɗaya ba, sai dai ya ɗora masa nauyin cewa shi ya hana kakarsa abin da ta yi shekaru tana cancanta. Ki sayi rigar. Kujera ɗaya ki ce ta Emory ce, ɗayar ta Darlene, ki gaya musu sau ɗaya, kada ki roƙa, kada kuma ki yi fushi in ba su amsa nan take ba. Ba zan yi miki alkawarin za su zo ba. Mai yiwuwa yaron ya saurare ki ya ce "na gode" kawai, ya ɗauki wata guda kafin maganar ta sauka. Wannan nasa ne, ke dai ki yi naki.

Abu na ƙarshe. In za ki tafi wurinsa, ki sa sababbin fensira uku a jaka, waɗanda ba a taɓa fiƙewa ba. Idan kin gama magana ki ajiye su a kan teburinsa, kada ki ce komai a kansu, ki yi sallama ki tafi. Kakar wasa mai zuwa, ranar wasan gida na farko, ki bar ƙofar ɗakin sama a buɗe.

Ina taya ki murna da kyautarki, ina taya garinku murna da lamba ta goma sha bakwai, kuma fiye da duka ina taya ki murna da jikan da aka hana shi abin da yake so saura ƙiris, ya karɓi ƙwallo ya fitar da na gaba da jifa uku. A gidanki ya koyi wannan. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa idonki haske, ya sa ki ji takunsa a matakala.

Naki,
Odell, Tsohon Alƙali.